Ɗiyata Na Neman Izinin Zama a Izin Ɗin Sabulun Sukari

Hajiya Ladi, don Allah ki ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Ni manomi ne a Tabla. Ɗiyata Basiratu tun tana lakkwal, wato makarantar boko, a Filinge kanta ke ja, har karatu ya kai ta Abidjan. Yanzu tana aiki a wata izin, wato masana'anta, da ke haɗa sukari da man kwakwa su fitar da abin da ke sa sabulu kumfa. Ta ce da shi ake wanke injinan madara, ana sa shi a sabulun jarirai da maganin feshin gona, kuma ruwansa in ya shiga ƙasa ruɓewa yake, ba ya kashe shuka. Ni dai to nake cewa.

Bara ta aiko min da kwalba guda. Da na ji sukari ne, sai na kafa ta cikin tasar toka saboda tururuwa. Uwarta ta yi ta yi min dariya, har yau ban buɗe ba. Kallon kwalbar nake in na dawo gona.

Yanzu masu izin ɗin sun ce za su riƙe ta aiki dindindin, ta ce ba za ta amsa ba sai na sa albarka. Wallahi begenta nake, Hajiya. Amma in ta kira, labarin damina kawai nake mata in miƙa wa uwarta waya. In na hana na tare mata hanya, in na yarda yaushe zan gan ta?

Wani uba daga Tabla

Baba, na ji ka. Da fari, buɗe kwalbar nan, tururuwa ba ta da rabo a ciki. A wanke maka riga, ka zuba ruwan gindin zogale, ka samu abin ba ta labari.

Kewarka gaskiya ce, kuma haƙƙinka ne ka ga ɗiyarka. Ita ma ta sha wahala kafin ta kai nan, kuma da ba ta ganin girmanka da ba ta jira bakinka ba. Ka sa mata albarka, amma ka nemi ta riƙa zuwa hutu duk kaka, ku tsayar da maganar tun yanzu.

Sannan in ta kira kada ka miƙa wayar. Faɗa mata abin da ka faɗa min. Mai yiwuwa ta ɗauka ba ka damu ba ne. Allah ya haɗa fuskokinku da alheri.