Muryar Inna Tana Cikin Sitonku

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Koyar da Kwamfuta ta unguwarmu, Daura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Rabi, mai ɗinki a bayan kasuwa. Ranka ya daɗe, ba ɗabi'ata ba ce kai kuka bainar jama'a, amma na yi sintiri ofishinka har maigadi ya daina tambayata wurin wa na zo, kullum a ce ka fita. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na farko, ka san abin da nake nema. Mahaifiyarmu ta tafi Makka ina ƙarama, zama ya kama ta a Jidda, can kuma Allah Ya karɓi abinsa. Inna ba ta rubutu, don haka duk shekara sai ta ɗauki muryarta a kaset ta ba alhazan garinmu su taho mana da shi. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ɗora rediyo a kan turmi, ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da suna, har akuyar da ta bari sai ta tambayi lafiyarta. In ta zo kaina sai ta ce, "Rabi, kina jina? Amsa mini mana." Ta yi shiru tana jira, ni kuwa in ƙwala "Na'am, Inna!" manya suna ta dariya. Ban san kabarinta ba. Hotonta ɗaya ne, shi ma ya koɗe. Waɗannan kaset-kaset su ne gadona.

Na biyu, abin da ya faru a wurinku. Da kuka yi shela cewa kuna juyar da tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, ina cikin waɗanda suka fara zuwa. Ma'aikacinku ya jona rediyo da babbar kwamfutar da ke kusa da taga, ya kwashe komai, sannan ya ɗora mini a filash. Ya kunna a gabana, na ji Inna rangaɗaɗau, na yi kuka na yi godiya. Ya ce tunda ba ni da rediyon kaset yanzu, in bar muku su a ajiye. Na bari, don wanda ya fi ka sanin hanya ba ka yi masa gardama.

Da Sallah ta zo na tafi Zango gidan yayana Lawal, shi ne mai kwamfuta a danginmu. Kawu, ƙanin Inna, ya hawo babur tun daga Baure da ciwon ƙafarsa, don ya ji 'yar'uwarsa. 'Yata, takwarar Inna, da ba ta taɓa jin muryar kakarta ba, ta rakuɓe a jikina. Aka soka filash, sunaye suka fito reras. Lawal ya danna, shiru. Ya sake dannawa, na'ura ta ce ba ta ga abin ba. Da ya duba sai ya gane ba muryar aka ɗora mini ba, alamomi ne kawai masu nuna inda take a cikin waccan kwamfutar taku. Shi ya sa ta yi magana a ofishinku, ta ƙi yi a ko'ina. Marfin kwano aka ba ni, tuwon yana wurinku. Kawu ya shafa gemunsa, ya nemi buta ya fita.

Na uku, da na dawo neman kaset ɗina, aka ce an haɗa su da tarkace an ƙone ranar sharar ofis. Na haɗiye wannan, na ce to a sake ɗora mini daga kwamfutar. Sai ga sabon zance: an kawo sababbin na'urori, tsohuwar tana sito, kuma ka kafa doka kada a ƙara soka filash ɗin kowa saboda bairos, cutar kwamfuta. Yanzu kuma ina jin za a goge tsofaffin a yi gwanjonsu. Haba, ranka ya daɗe! Na yarda dokarka tana da dalili, amma wane bairos ake tsoron ya kama na'urar da za a goge?

Ba ina neman a hukunta ma'aikacin ba ne, kuskure ne kuma ɗan Adam ajizi ne. Roƙona shi ne kada a taɓa waccan kwamfuta sai an fito da abin da ke cikinta. A jona mata wuta sau ɗaya, zan kawo sabon filash a ledarsa, ku yage da hannunku. In an gama a gwada a wata na'ura daban, a gabana. Kuma a nemi sauran waɗanda suka kawo kaset, don ina zargin akwai waɗanda suka ɓoye marfi irin nawa a ƙasan akwati, hankalinsu kwance.

Abin da ya fi damuna ban faɗa wa kowa ba sai yau. Na fara manta muryarta. Kalmomin suna nan a kaina, amma in na tuno su, da muryata nake jin su. Wani lokaci ina kan keken ɗinki sai in tsaya in kasa kunne, ko za ta dawo mini, ba ta dawowa. Kewarta nake yi, kewa mai tsanani.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya dafa maka a kan wannan aiki. In mahaifiyarka tana raye Allah Ya ja kwananta, in ta rigaye mu Allah Ya haskaka makwancinta. Tawa tana cikin sitonku, ta kira sunana ta yi shiru tana jira. Ka buɗe mini ƙofa in amsa mata.

Wassalam.

Rabi mai ɗinki, Daura.