Tsatsar da Ta Ci Mashin Ƙanena Isa

Zuwa ga Sarkin Maƙeran wannan yanki na bakin kogi, ranka ya daɗe.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali. Ni ne Haruna Mai-Koma, masunci daga ƙauyukan fadama, gabas da Haɗeja. Malamin unguwarmu ne ya ɗora maganata a takarda, na kuma roƙe shi ya karanta ta ranar kasuwa, domin sau biyu ina zuwa zaurenka ana ce mini ka fita.

Kafin ruwan bara ya sauka, ni da ƙanena Isa muka sayi mashi uku a hannun Tanko maƙeri, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli. Da kogi ya malale fadama, wata rana da hantsi muna kan gora a ruwa muna su, kada ya taso wa Isa. Isa ya soke shi daidai bayan kai, sai mashin ya karye a wuya kamar karan dawa. Isa ya rayu, amma ƙafarsa ta hagu ta tafi daga gwiwa. Mutumin da ke ci da gida guda, yau yana zaune yana ɗinke komar wasu.

Na yarda da ƙaddara, amma ina da tambayoyi.

Na ɗaya. Na duba guntun da ya rage. Bayansa lafiya lau, cikinsa kuwa ja, yana marmashewa a yatsa. Tsatsar da muka sani daga waje take fara ci. Ta ina ruwa ya shiga cikin wannan, in ba da ma akwai kafa ba?

Na biyu. Tanko ya ce laifin ruwan kogi ne. A ruwa aka haife ni. Na san ƙarfen da ke ajiye a bushe yakan daɗe, wanda ke jiƙewa ya sha iska shi tsatsa ke kamawa, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Shi ya sa muke shafa wa kayanmu mai. Don haka na gwada. A gaban liman da dattawa biyu, na naɗe mashi na biyu da tsohon mashin mahaifinmu cikin tsumma guda, jiƙe da ruwan gishirin mangul, na ajiye su kwana bakwai a inuwa. Na mahaifinmu ya yi ɗan ja, yashi ya goge shi. Na Tanko ya yi ɓawo, wata tsaga ta bayyana a wuyansa, daidai inda na Isa ya karye.

Na uku. Na nuna wa wani tsohon maƙeri guntun mashin. Ya ce ba a daki ƙarfen ba har kashinsa, wato dattinsa, ya fita, kuma guntaye biyu ne aka haɗa a wuya, aka rufe da mai da baƙin tukunya. Sannan ya riƙe hannuna, ya roƙe ni kada in ambaci sunansa. Me yake tsoro? Daga baya na ji Tanko surukinka ne. Ban ce ka sani ba, ranka ya daɗe, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ga roƙona. Mashi na uku yana wurin liman, ba wanda ya taɓa shi. Ka ɗora shi kan uwar maƙera a bainar jama'a, ka karya shi da hannunka. In cikinsa fes yake, zan durƙusa in nemi gafarar Tanko a wurin. In kuwa ba haka ba, a bi ƙauyuka a karɓo sauran da Tanko ya sayar. Masunta da yawa daga Guri har Baturiya suna riƙe da irinsa, sun amince da shi, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ƙarfin sauke masaba kan gaskiya, ko da a cikin gidanka ta faɗa.

Wassalam.

Haruna Mai-Koma, masunci.