Abin da ke Bayan Goshin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Yau muka fara kwas ɗin ƙwaƙwalwa da halayya. Na zaɓi ilimin halayyar ɗan Adam ne don in san mutane, sai ga shi an dire mana ƙwaƙwalwar roba a tebur ana ɓare ta kamar lemo. Malamin ya ce fushi, kunya, tausayi, kowanne da mazauninsa a cikin naman nan. Ban yarda ba. In haka ne ai babu mugu a duniya, sai mai lalataccen nama. Ni kuwa na san mugaye, har na cikin gida.

Laraba, 5 ga Maris
Na biya shagon ɗinkin Baba da na taso. Baffa ne a kan keken gaba, shi ke karɓar yadin mutane, shi ke awo. Baba an tura shi can ƙurya yana sa maɓalli. Shekara talatin yana kan keken nan, kuma shi ya koya wa ƙanin nan nasa riƙe almakashi. Na tambaya, Baffa ya ce wai hasken ƙofa ke damun idon yayansa. Wane ido? Mutumin da yake zura zare a allura ba tabarau.

Asabar, 8 ga Maris
Makullin shago ya koma aljihun Baffa. Umma ta sani, ba ta faɗa min ba.

Talata, 11 ga Maris
Matar maƙwabcinmu ta shigo gaishe da Umma, Baba ya dube ta ya ce ta zama buhu, ya yi ta dariya shi kaɗai. Baban da ko yaro ba ya ɗaga wa murya. Umma ta raka ta har waje tana ba da haƙuri. Na nuna masa sakamakon gwajina, ya ce "to", bai ko karɓi takardar ba.
Ko dai ana zuga shi, ko ana ba shi wani abu. Kullum Baffa ne ke haɗa masa shayi a shago. Na ɗanɗana ragowar kofin a ɓoye. Sukari ne kawai, amma kamar an juye kwali guda.

Alhamis, 13 ga Maris
Darasin yau kan sashen da ke bayan goshi ne. Malam ya ce shi ne birkin mutum. In ya fara lalacewa, mutum bai manta sunan kowa ba, bai ɓata hanya ba, amma kunya ta tafi, tausayi ya tafi, aikin da ya saba ya dagule masa. Wasu har kwaɗayin zaƙi ke kama su. Ya ce iyali sukan daɗe suna neman wanda ya sauya musu mutum.
Doguwa, wadda muke zama tare, ta zungure ni ta ce me ya sa na daina rubutu. Na ce biro ne ya ƙare.
Malam da kansa ya gargaɗe mu tun ranar farko cewa ɗalibi yakan ga duk cutar da ya karanta a jikin danginsa. To wannan ce ta kama ni. Shi ke nan.

Lahadi, 16 ga Maris
Na tsare Umma a kicin. Na ce, "Umma, shagon nan na waye yanzu?" Ta ci gaba da wanke tukunya. Can ta ce, "Ke dai ki yi karatunki. Gani daban, ganewa daban." Ita ma Baffa ya gama da ita ke nan.

Juma'a, 21 ga Maris
Na yi sammako kafin lacca, don na san Baba sai tara yake fita. Niyyata in kama Baffa, ban ma san da me ba.
Na tarar da shi a shago zaune da reza yana farke ɗinki. Da ya gan ni ya ja yadi ya rufe. Na janye. Riga ce an ɗinke bakin hannunta ruf. Wata an sa mata aljihu biyu a gefe ɗaya. Guda shida na ƙirga. Na san hannun Baba, a kan ɗinkinsa na girma.
Na ce, "Baffa, tun yaushe?"
Ya ce ya kai wata takwas. Kullum yakan riga Baba zuwa ya gyara na jiya. Makullin kuma ya karɓa ne ranar da Baba ya bar dutsen guga a kan yadin wata mata ya fita abinsa, hayaƙi ya cika shago. Sukarin ma ba shi ke zubawa ba. Ya jawo durowar Baba, cike take da alewa.
"In mutane suka gani sunansa ya mutu," in ji shi. "Shi ya raine ni, 'yata. Ba zan bari a yi masa dariya ba."
Na ce duk da haka ai keken gaba ya yi masa daɗi. Ban san me ya sa na faɗa ba. Ya ɗauki rezarsa ya ci gaba da farke ɗinkin.
Ban je laccar ba.

Litinin, 24 ga Maris
Na tsayar da Malam bayan darasi, na ce wata ƙawata ce babanta ya sauya. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ni ba likita ba ne, ke ma haka. Ki ce wa ƙawar taki ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Kuma ta tafi da wanda ke wuni da shi kullum." Yadda ya ce "ƙawar taki" bai yi min ba.

Laraba, 2 ga Afrilu
Mun je asibiti, ni da Umma da Baffa. Baba ya bi mu ba musu, bai ma tambayi ina za mu ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo.
Na shiga da kalmomin aji cike da baki. Likitar ta tambayi me aka fara gani, a wane wata, me ya biyo baya. Ban san ko ɗaya ba. Baffa ne ya yi ta jero su, har ranar da Baba ya daina tambayar lafiyar yaran shi Baffan.
Mako mai zuwa za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likitar ba ta faɗi sunan ciwon ba tukuna, ni ma ba zan rubuta shi ba.
Ba wai na ce komai na Baffa daidai ba ne. Da ya faɗa mana tuntuni.
An ba ni takarda in cike. A gurbin wanda za a fara kira in wani abu ya taso, lambar Baffa na sa. Wayata takan kasance a kashe in ina aji, shi ya sa.