Wutsiyar da Na Sa Aka Yanke wa Lambobinka

Zuwa ga maigidana mara cefane,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya malamanku? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ta fi ka zama da ni.

Babanka ya ce malaminka ya dawo maka da aikin kajin nan na kammala jami'a, wai ƙirƙirar lambobin ka yi, don ba yadda za a yi kowace kaza ta zama kilo ɗaya cif ko kilo biyu cif. Har ana maganar kai ka gaban kwamiti. To ni shaida ce. Ni nake riƙe maka su a bayan ɗakina kana ɗorawa a sikeli kana shigarwa kwamfuta, don a ga wanne cikin abincin nan biyu ya fi sa su ƙiba. Har yau zanena yana warinsu.

Na kira ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Ka daure ka ci abinci. Ni ma kwana biyu ba ya shiga, kada ka tambaye ni dalili.

Taka,
Kakarka

Zuwa ga jikana,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka. Yau ba zolaya, zauna ka karanta.

Ranar da ka fita neman mai sayen kajin ka bar kwamfutarka a buɗe a kan tabarmata, na ga ƙura na sa gefen mayafi na goge. Ban san me na ja ba, sai layin nauyin ya tsuke, lambobin suka koma wasu 'yan shinge-shinge. Na naɗe ta a zane kamar jaririya na kai wa mai gyaran waya na bakin titi.

Ya ce wuri ne ya yi wa lambobin kaɗan. Maimakon in bari ya buɗa layin, sai na ce ya yanke wutsiyar nan da ke bayan ɗigo, tunda dama ciwon ido take sa ni. Ya ɓoye ta, suka fito tas. Da a nan na tsaya da ba komai, don ya ce wutsiyar tana nan ciki, ido ne kawai ba ya gani.

Amma ka san kakarka da iyayi. Na tara su ɗaya bayan ɗaya da yatsu, na ga jimlar da ke ƙasa ba ta yi daidai da tawa ba. Na ce masa wannan abu bai iya lissafi ba, ni da na tsaya a aji huɗu na fi shi. Ya ce ai da wutsiyar da aka ɓoye take tarawa, amma akwai wurin da ake dannawa ta riƙa aiki da abin da ido ya gani kaɗai. Da ya danna, kwamfutar ta yi gargaɗi da Turanci. Ya fassara mini, wai in an yarda wutsiyar ta tafi har abada. Na ce ta tafi mana, wa ke cin wutsiya? Ya danna, ya adana. Na dawo ina jin kaina gwana.

Kai kuma ka shigo a gurguje ka tura wa malam ba ka duba ba. Ashe duk bambancin abincin nan biyu a wutsiyar yake. Na koma wajen mai gyaran har da kuka, ya ce ko wanda ya ƙera ta ba zai dawo da ita ba. Kajin kuma an sayar.

Na ji ana kiranka maƙaryaci na yi shiru saboda kunya. Ka yafe mini. Gobe babanka zai kai ni wurin malamin.

Mai laifi,
Kakarka

Zuwa ga angona, in har ba ka sake ni ba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya haƙuri?

Ka dai ga yadda na hau benen ofishin malaminka da gwiwa ɗaya, na ja mai gyaran waya a baya kamar akuya. Da malaminka ya sa shi ya nuna inda ya danna, ka ga yadda malamin ya dafe kai. Alhamdu lillahi an wanke ka, ba zancen kwamiti. Amma na ji sauran: sai ka sake kiwon daga farko, abokanka za su sa rigar yaye ba kai. Wannan ni na ja maka, ba zan ce ƙaddara in rufe baki ba.

Na share bayan ɗaki, na wanke mazubin ruwa. Ka kawo 'yan tsakin. Riƙo nawa ne, kwamfuta kuwa ko ƙura ta binne ta ba ruwana.

Abu ɗaya ke damuna. Da muka fito daga ofishin ka durƙusa ka ce mini Hajiya a sauka lafiya. Hajiya! Tun da ka iya magana ba ka taɓa yi mini ladabi ba sai ranar. Gara ka zo ka ce mini tsohuwa mai ɓarna, ka ce za ka auro wadda ta iya kwamfuta. Zan ba ka amsa daidai da kai, amma sai ka fara.

Ina jira,
Kakarka