Zoben Ƙarshe na Tankar Ciɗo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ne Ciɗo ɗan Amadu, maƙerin Afala, mai gyaran agogo da rediyo a bakin kasuwar Tawa. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina garau yake. Na san yau Laraba ce, na san sunan kowane jikana, na san bana ce shekarar farko da hatsi ya yi kai tun bayan fari. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Ɗiyata Balkisu, malamar lakwal, ita ke rubutawa, kuma na hana ta gyara mini magana. Liman Yahaya na zaune yana ji. Ƴaƴana, Illa, Ma'azu, Balkisu, da ku nake.

Na ɗaya. Gida da gona, malamai su raba yadda Allah ya ce. Roƙona kawai, kada gonar Afala ta fita hannunku. Farin farko da ya kashe mana awaki ya koro mu birni, mutane nawa sunka ce in rabu da ita, wai tsakuwa ce zalla. Na ƙi. Bana ta cika rumbu ɗaya da rabi. Uwarku Habsatu ta zauna ɗakinta, kada wanda ya ce mata ta matsa.

Na biyu. Kayan aiki na ba da su tun ina da rai, liman shaida ne. Uwar maƙera da zugazugi da guduma na Illa ne. Kakana ya ɗauko uwar maƙeran nan a bayan raƙumi daga Tebaram, kada a bar ta cikin ruwa. Hantsaki da gilashin ido da ƙananan turnabis na kwance noti na Ma'azu ne, don cikin ku shi ya fi sanyin hannu. Na daɗe da sanin haka, faɗa ce ban yi ba. Babbar rediyona ta Habsatu ce. Ta sha cewa surutunta ya ishe ta, amma ita ke fara kunnawa.

Na uku. Maganar tanka, wadda saboda ita na ce a kira liman.

Don jikokin da za a karanta wa, bari in faɗi asalinta. Shekara shida da sunka wuce Mushe Adamu, haka muke kiran malaman lakwal, wani mutumin Damagaram, ya dawo daga karatu a Faransa da kwali. Cikinsa tankar yaƙi ce ta wasa, tsawon kamu ɗaya, a wargaje, da akwatin tuƙi mai eriya, wanda in ka danna daga nesa sai ta tafi. Ya kasa haɗawa, anka canza masa wurin aiki, ya bar mini ita kyauta. Takardar da ke ciki ba ta amfane ni da komai ba sai hotunanta. Wata huɗu ina bin hotuna. Ƴan kasuwa sunka sa mini suna Janar. Mai nama na gefenmu kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu ci Konni da yaƙi. Uwarku ta ce tsoho da jikoki ya koma wasan ƙasa. Ban kula kowa ba.

Kowace ƙafa ta tankar, abin da ke riƙe ta a kan sandarta wani ɗan zoben ƙarfe ne mai buɗaɗɗen baki, makanikai na ce masa sirkilif. Bai kai ƙwayar dawa ba. Guda ashirin da huɗu ne a kwalin, ba ƙari ko ɗaya. Na sa ashirin da uku lafiya. Na ƙarshe na babbar ƙafar hagu ne, mai jan sarƙa. Ranar Lahadi ce, kasuwa ta cika, mutane sun tsaya a kaina suna jiran su ga ta tashi. Ma'azu na riƙe mini da farin ƙyalle a ƙasa. Na matsa zoben da hantsaki, sai ya yi tsalle, ko ƙararsa ba mu ji ba. Na ɗaga kai na ce Ma'azu ne ya girgiza ƙyallen. Illa, kai kuma ka ɗora, ka ce a gaban jama'a hannun ƙanenka bai yi na maƙera ba, ya je ya nemi tallan goro. Anka yi dariya. Munka tankaɗe ƙasar rumfa da rariya har la'asar, ba mu gan shi ba. Kafin sati Ma'azu ya hau mota zuwa Abijan. Da ya dawo bai sauka gida ba, ya wuce Takanamat wurin dangin matarsa, yana gyaran kekuna. Uwarsa yake zuwa gaisarwa ranar da ya san ina kasuwa. Illa da Ma'azu, ku biyu kuwa ko a jana'iza ba ku haɗa sahu.

Na huɗu. Ma'azu bai girgiza komai ba. Na san haka tun ranar. Hannuna ne ya yi rawa, kuma ban rufe zoben da yatsa ba, don ina son mutane su ga yadda nake aiki. Kunya ta kama ni, na nemi wanda zan aza wa, shi ne kusa.

Na yi ta ƙoƙarin ƙera wani, ina cewa in tanka ta tashi maganar za ta mutu da kanta. Na yanka daga ƙarfen cikin agogo, ya karye. Na yanka daga gwangwanin kifi, ya lanƙwashe. Na aika Konni, na aika Sakkwato, duk wanda anka kawo ya yi girma. In na kunna ta, sarƙar hagu ta zame, sai ta riƙa juyawa wuri ɗaya, har na rufe ta da buhu.

Bara, tsakiyar yunwa, lokacin da ba mai kawo gyara, na buɗe babbar rediyona, wadda ke rumfa ranar da zoben ya ɓace, in share ta. Ga zoben nan manne da maganaɗisun lasifika. Shekara biyar yana nan, ina jin labarai ta bakin lasifikar safe da yamma. Na zauna ina kallonsa har anka kira azahar. Ya kamata ranar in hau mota zuwa Takanamat. Ban hau ba. Na naɗe shi cikin auduga na sa a kwalin ashana, na ce sai gobe. Kwalin yana cikin aljihun rigar da ke jikina yanzu.

Ma'azu, na zalunce ka, ka yafe mini. Balkisu, rubuta shi yadda na faɗa, kada ki sassauta.

Na biyar. Illa, kai ne babba, kuma maganata ka bi har ka yi kuskure, don haka rabin laifinka nawa ne. Sauran rabin naka ne. Kai za ka kai kwalin ashanan nan Takanamat da ƙafarka, ba aike ba. Kada ka jira in mutu, gobe akwai mota. Ka ba shi a gaban matarsa, ka janye maganar goro da bakinka, ka taho da shi.

Na shida. Yadda za ku sa zoben, don shi kaɗai ya rage, in ya tafi ba wani. Kada ku yi a rumfa, kada ku yi ranar kasuwa, kada ku bar kowa ya tsaya kallo. Ku shiga ɗaki da hantsi, lokacin da haske ke shigowa ta ƙofa. Ku rataya gidan sauron uwarku, ku shimfiɗa farin zane, ku tura bakin gidan sauron ƙarƙashin tabarma, ku shiga ku biyu da tankar. Ku fitar da rediyo daga ɗakin. Ku zura zaren ɗinki ta cikin zoben ku ɗaure ɗaya bakin a yatsan Illa, in ya yi tsalle ba zai yi nisa ba. A shafa ɗan man kaɗe a bakin hantsaki don ya manne. A jikin sandar akwai ƴar tsaga, sai an sa gilashi ake ganinta. Bakin zoben ya zauna daidai kanta, a kwance, kada ya karkace. Illa ya riƙe tankar, ya rufe bayan zoben da babban yatsa. Ma'azu ya tura da gefen turnabis, a hankali, turi ɗaya. Kada a buɗa bakinsa da ƙarfi, in ya buɗe ba ya komawa. Za ku ji ɗan ƙas. Sannan a yanke zaren. Aikin nan na fi shekara ina tunaninsa a kwance, ban ga yadda mutum ɗaya zai yi shi ba.

In kuma duk da haka ya ɓace, to ya ɓace. Kada wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Na bakwai. In ta tashi, ba ta sayarwa ba ce, ba ta ɗayanku ba ce. A saya mata batir sababbi a kai ta filin lakwal ɗin Balkisu, yara su gani, mata da maza, kowa ya taɓa akwatin tuƙin. Ku buɗe musu cikinta su ga abin da ke juya ta. A gayyato mai nama, a ba shi wuri a gaba. Ma'azu ya fara tuƙawa.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kunka haifa. Allah ya ba ku damana mai kyau bayan wannan, ya sa kada ku sake ganin irin abin da munka gani. Ku riƙe uwarku, ku riƙe Balkisu, ku ci tuwon sallah a ƙwarya ɗaya. In ɗayanku ya yi kuskure ya faɗa ranar, kada ya kai shekara shida kamar ubanku.

Na ce a juya mini gadona ya dubi ƙofa. Motar Takanamat kan iso bayan la'asar, ina nan ina saurare.