Malfar Kakata Lami Ba Kayan Wasa Ba Ce

Zuwa ga shugaban ƙungiyar ɗaliban jami'a da suka shirya bikin al'adun Biyetnam.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran abokan aikinka, da fatan karatu yana tafiya lafiya.

Sunana Rabi Isufu, malamar lakol ce ni, wato makarantar boko, a Gazawa. Na aiko maka saƙo a ɓoye ba ka amsa ba, shi ya sa na fito fili.

Kakana tsohon soja ne, Faransa ta kai shi yaƙin Andoshin, can ƙasar Biyetnam. Da ya dawo garinmu Gangara, da mata ya dawo, 'yar Biyetnam mai suna Lan, mutanen gari suka mayar da sunan Lami. Ta musulunta, ta koyi surfe da daka, ta haifi mahaifina shi kaɗai. Har ta rasu ba ta sake ganin ƙasarsu ba. Abin da ta bari nata na can, malfa ce mai tsini da doguwar rigar siliki.

Bayan girbi yaranka suka zo gidanmu a kan babur. Suka durƙusa gaban Baba, suka roƙi aron kayan, suka ce shi ne babban baƙonku, za a ba shi dama ya yi magana. Ni na lallashe shi ya yarda. Tun ranar yake zama gindin bishiyar bedi yana maimaita waƙar reno da uwarsa take yi masa da harshensu. Bai san ma'anarta ba, sautin kawai ya riƙe.

Ga abin da ya faru.

Na farko, mun taso tun asuba, tsoho mai ciwon gwiwa a bayan a-kori-kura. Da muka iso babu wanda ya san da zuwanmu. A bayan zaure muka samu benci.

Na biyu, mun ga girke-girkenku da fitilun takarda, sun yi kyau, ban hana muku ba. Sai aka zo wasan kwaikwayo. Wani saurayi ya fito sanye da rigar kakata da malfarta, yana ja da gefen idanunsa da yatsu, yana gwaranci da hanci wai harshensu yake yi. Zaure ya ɗauki dariya. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce mini a hankali mu tafi gida. Har muka fita ba a kira sunansa ba.

Na uku, rigar ta dawo a yage ta hammata. Malfar kuwa har yau shiru.

Shugaba, tun da muka koma Baba bai ƙara ambaton uwarsa ba. Jikokinsa sun roƙe shi waƙar, ya ce ya manta. Yana yaro an sha yi masa irin wannan jan idon a dandali. Bai zaci zai tsufa ya tarar da shi a jami'a ba.

Ina roƙon ku dawo da malfar, ko yaya ta koma. Ina roƙon kai da wancan saurayin ku zo Gangara da ƙafarku ku ba Baba haƙuri. Ba na neman a hukunta kowa, yaro ne, wataƙila ba a gaya masa rigar wa ya sa ba. Kada dai ku jinkirta, Baba ya tsufa kuma jikin nasa ba daɗi.

Allah ya ba ku sa'ar karatu, ya raya muku iyayenku cikin mutunci.

Wassalam.

Rabi Isufu, Gazawa.