Takalmin Birkin da Auta Ya Saka

Litinin, 3 ga Maris
A rubuta saboda 'yan baya: yau an yi wa babur ɗina juyin mulki. Ƙanena Auta ya are shi wai zai kai saƙo, ya dawo da shi da sabon takalmin birki. Ba na kamfani ba, na kasuwa, cikin kwali mai hoton damisa. Wai, "Yaya, naka ya cinye, ƙarfe ke cin ƙarfe." Mutumin da ni na koya wa hawan keke!

Talata, 4 ga Maris
Sabon birkin ihu yake kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na ɗan taɓa shi a bakin ofis, saura ƙiris in yi wa maigadi sujada. Tsohon birkina mai ladabi ne. Ka taka, ya yi nazari, sannan ya tsaya. Mun fahimci juna: tun daga nesa nake takawa, in taimaka masa da ƙafa.

Laraba, 5 ga Maris
Mai ɗakina ta ce ashe shi ya sa ƙasan takalmana ba ya kai shekara. 

Alhamis, 6 ga Maris
Ranar asibitin Inna. Ashe har da sharaɗi: Auta ya ce mata idan na cire sabon, shi zai riƙa kai ta a motar haya. Ni ke kai ta tun rasuwar Baba. A hanyar nan kaɗai take sakewa da ni, ta damƙe rigata tana zuba min labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu. Wannan ma sai ya karɓe? Na kai mata ƙara, ta ce, "Ni dai a kai ni da haƙorana." Guda nawa suka rage?

Asabar, 8 ga Maris
Mai shagon kayan babur ya ce takalmin birki na kamfani sai wani wata. To. Na karɓo tsofaffin a wurin Auta, suna cikin leda a ƙarƙashin gado. Ran Juma'a a mayar min da su. Babur nawa, uwa tawa.

Alhamis, 13 ga Maris
A ƙofar asibiti wata mota ta yo baya babu ko hon. Ban gan ta daga nesa ba, babu lokacin sa ƙafa. Na taka birki. Ya yi ihun nan nasa ya tsaya cak, tsakanin tayata da motar bai fi tafin hannu ba. Goshin Inna ya daki bayana. Ta gyara zama, ta ce, "Ina ce maka, tagwaye ta haifa."
Na shigar da ita ciki, na samu benci na zauna.

Juma'a, 14 ga Maris
Ledar ta bi shara. Birkin har yanzu ba shi da ladabi.
Auta ya yi gaskiya. Ba lallai ne ya ji daga bakina ba.